Ruwan Buta Shida

Barking, London
18 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Anatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya gwiwar? Ina fatan kina shafa maganin, ba ajiye shi kika yi kina kallo ba. Yaya Malam da mutanen Tudun Wada? Tunda kunnenki ya daina shiri da waya, ga takarda, za a ɗauki hotonta a turo miki.

Yau kwana tara da saukar 'yarki, an yi suna lafiya, Umar Faruq sai tsotso. Ke ya kamata ki zo. Ke kika riƙe ta tun daga yaye, ke take kira Umma, ni gwiwarki ce ta jefo ni nan. Shekara talatin ban kira sunan 'yar fari ba, ban zauna tabarma ɗaya da ita ba, yau ga mu a gida kamar akurki muna kauce wa juna a matattakala. In ina da magana jaririn nake gaya wa, ita ma ta ba jaririn amsa. Yaro bai yi sati biyu ba ya zama ɗan aike.

Kin tambayi wankan jego. Babu murhu, babu itace. Wani farin akwati ne a bangon kicin, boila suke ce masa, gas yake sha. Shi ke dafa ruwan famfo, shi ke tura ruwan zafi cikin ƙarafan bango ɗakuna su yi ɗumi. Ni dai in cika baho, in zuba busasshiyar darbejiyar da kika ba ni, in fito in ja ƙofa, ita ta yi wankanta. Ungozomar asibiti ta ce kada ruwan ya kai zafin ƙuna, na bi. Sai in tsaya a waje ina jin ƙarar ruwa. Yaya, abin yana ci mini rai. Na tsallako teku in yi wa mai jego hidima, na tarar famfo ya riga ni.

Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne kuɗin wutar. Akwai wata 'yar mita kamar waya a kan firji, tana nuna abin da aka ƙona a take. Ni da na yi shekara ashirin ina auna gawayi da kananzir, ban taɓa ganin mudun da ke magana da kansa ba. Mijinta Nuruddeen, in ya dawo daga asibitin Whitechapel, sai ya baje takardu a tebur. Gidan nasu ne, bana suka fara biya, saboda haka gyaran boila a wuyansu yake. Wai kamfanoni ake ɗaura yarjejeniya da su, kana biya duk wata, ran da boilan ya mutu su turo mai gyara. Biyan kuɗin gyaran abin da bai lalace ba! Na ɗauke takardun da ya fita, ina bin su da ɗan Turancina na firamare. Zan ba ki labari.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki ƙanwa,
Zaratu

Barking
30 ga Nuwamba

Yaya Anatu,

Sallama da gaisuwa. Na ji an ce kin fara takawa zuwa ƙofar gida, alhamdu lillahi. Mu ma lafiya lau, sai sanyi. La'asar ba ta gama sauka ba duhu ya rufe.

To, na yi bincike. Da 'yarki ta kwanta, na cika bokiti da ruwan zafin famfo ina kallon mita. Na zubar, na sake cika shi da ruwan butar lantarki, sai da na ɗora sau shida. Yaya, abin da buta ta ci ya kusa ninka na gas sau huɗu. Ashe a nan gas ne itace, lantarki kuwa kananzir, ba a dafa wake da shi. Na gaya wa Umar Faruq ya gaya wa uwarsa a daina dafa ruwan kunun kanwa a buta. Na ji tana dariya a ɗaki, har na so in leƙa.

Yarjejeniyar kuwa kala uku ce. Mai araha, kuɗin wata kaɗan ne, amma duk zuwan mai gyara sai ka ɗora wani abu mai kauri a kai. Ta tsakiya, suna zuwa sau ɗaya a shekara su duba boilan su share, ko da lafiyarsa ƙalau. Ta uku har bututu da wayoyin gida ta haɗa, tsadarta sai mai hali. Nuruddeen ya so ya sa hannu a ta tsakiya tun ranar da na rubuto miki. Ni kuwa na ce wa jariri ya gaya wa ubansa ba a sayen kaya a farashin farko, a ja musu rai, a nuna za a tafi wani shago. Kin san surukinki da kunya. Maganar suruka ce, bai iya tsallake ta ba, ya yi ta buga waya kwana goma yana tayi. Shekaranjiya suka rage masa fam biyu a wata, ya sa hannu. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ashe dai na yi wani amfani a gidan nan.

Wanka yana nan yadda yake. Saura kwana goma sha tara arba'in, daga nan sai shirin dawowa. Wani lokaci in na ja ƙofar banɗakin nakan tambayi kaina ko ta san fuskata sosai.

Ki gaida Malam.

Taki,
Zaratu

Barking
7 ga Disamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Mu dai ga mu cikin riguna uku uku.

Boila ya mutu shekaranjiya da safe. Nuruddeen ya kira kamfanin, suka ce a cikin takardar an rubuta ba sa zuwa gyara sai sabuwar yarjejeniya ta cika kwana goma sha huɗu. Tamu kwananta bakwai. Na lissafa da yatsu, da ya sa hannu ranar da ya yi niyya, da tuni mun wuce. Rubutun yana can ƙasa, ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, ni kuma farashi kawai na duba. Garin neman gira na rasa ido. Bawan Allah ko da fuska bai nuna mini ba, wannan ya fi faɗa ciwo. Ya samo wani Davou, mutumin Jos da ke Plumstead, aikinsa ke nan, amma sanyi ya sa kowa nemansa yake, sai jibi zai zo. Maƙwabta sun ara mana hita ɗaya mai ɗumama ɗaki, mun bar wa mai jego da ɗanta.

Saura wanka. Ruwan buta ba ya cika baho, kafin ta shida ta tafasa ta farko ta huce. Bokiti ɗaya na samu da ƙyar. Na kai banɗaki na ajiye zan fito, sai na ga ai wannan in ta watsa sau uku ya ƙare. Ruwa kaɗan sai gashi da tawul, mutum kuma ba ya gasa bayansa da kansa. Na tsaya riƙe da ƙofa, ita tana tsaye da zani, kowa yana kallon bokiti. Jariri yana barci, babu ɗan aike. Sai na maida ƙofar na rufe, ina ciki.

Yaya, na naɗe hannun rigata. Na tsoma tawul na matse na ɗora a bayanta. Akwai wani tabo a ƙasan kafaɗarta ta hagu, ban san da shi ba. Ta ce daga bishiyar gwaibarki ta faɗo tana aji uku. Ni ta gaya wa, ba jariri ba. Na gasa ta tun daga wuya har ƙugu, na bi cikin a hankali, ina jin tana sauke numfashi. Ashe duk kwanakin nan bayanta ciwo yake, ba ta faɗa ba. Na yi kuka, tururi ya rufa mini asiri.

Yau kwana uku ke nan, safe da yamma. Mita tana ta hawa, ina gani, ina jin nauyin Nuruddeen. Amma Allah ya yafe mini, ban ƙosa Davou ya zo ba.

Taki,
Zaratu

Barking
10 ga Disamba

Yaya Anatu,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Wannan gajera ce.

Davou ya zo jiya, mutumin kirki, Hausarsa ta Jos tiryan-tiryan. Na tsaya a kansa ina tambaya har ya ce ko zan koyi sana'ar ne. Wani ɗan injin tura ruwa ne ya ƙone a cikin boilan, ya canza, kafin azahar gida ya ɗau ɗumi. Kuɗin da aka ba shi ya cinye ragin fam biyuna na shekaru masu yawa. Na cire kunya na ba Nuruddeen haƙuri da bakina, ya durƙusa yana cewa ba komai.

Yau da safe na shiga na wanke baho, na buɗe famfo, ruwa yana zuba yana tururi kamar bai taɓa yankewa ba. Na san aikina ya ƙare, sai jan ƙofa. Ina cikin zuba darbejiya na ji buta tana kuka a kicin. Na sauka da niyyar in yi faɗan lantarki, na tarar da 'yarki tsaye, ta ɗauko bokiti, tawul a kafaɗa. Ta san lissafin sarai, ni na koya mata. Ba ta kalle ni ba, ta ce wai ruwan buta ya fi shiga jiki.

Ni da ke mun san ruwa ruwa ne. Na koma sama na rufe famfon.

Ki yi mana addu'a, saura kwana tara.

Taki har kullum,
Zaratu