Zanen Gawayi a Ƙyaurenmu

Litinin, 6 ga Yuli 1992
Yau ma bas ɗin Istifanus, mai jigilar Kawo zuwa Kasuwa, ta rage gudu a ƙofarmu. Hon biyu. Kwana tara ke nan, kuma nan ba tasha ba ce. Tun rikicin addini na watan Mayu ba na shiga motarsa, ko da zan yi awa a titi da cikin nan na wata tara.

Alhamis, 9 ga Yuli
Na ga zagayen gawayi a jikin ƙyaurenmu, can sama inda ruwa ba ya kaiwa. Duk layinmu na Unguwar Kanawa gida uku ne kawai ke da shi. A littafin da nake karantawa, haka aka yi wa gidan su yarinyar kafin a zo musu.

Asabar, 11 ga Yuli
Na faɗa wa Maigida kafin ya fita aiki. Wai in rage karatun littattafan nan. Shi fa tun asuba yake barin unguwa, me ya sani?

Lahadi, 12 ga Yuli
Inna Magajiya, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, tana ƙus-ƙus da Istifanus ta tagar mota, yatsunta baƙi ƙirin. Na tambaye ta zanen mene ne. Ta kalli cikina, ta kau da kai: "Ke dai ci tuwonki, amarya." Har da ita?

Talata, 14 ga Yuli
Na goge shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Alhamis, 23 ga Yuli
Sai yau na iya riƙe biro. Washegarin gogewar, da hantsi, naƙuda ta kama ni, ba kowa a gida. Bas ta zo, ba hon. Sai sallama a zaure, muryarsa. Na cusa zani a baki don kada ya ji ni, amma nishi ya ƙwace.
"Amarya, na ga an goge, na zo barka ne! Au, ashe da saura?"
Ya ƙwala wa Inna kira. Ya ce wa fasinja, "Kowa ya sauka, motar ta zama ta haihuwa." Suka sauka ba gardama, wani har yana riƙe mini ƙofa.
A hanyar asibiti Inna ta yi ta faɗa: gidan da ke da mai tsohon ciki ake yi wa zanen, don Istifanus ya riƙa hon ko ana bukatarsa. In an sauka lafiya a goge. "Cikin fari ne, da wane baki zan faɗa miki? Wace mara hankali ce ta goge?"
Na ce wataƙila ruwan sama ne.
Mace. An sa mata Hassana. Ba ta da Husaina, amma sunan kakarta ne.

Lahadi, 2 ga Agusta
Har yanzu ban san abin da ke ran Istifanus ba. Mutum ba a gane shi.
Zanen ƙofar maƙwabciyarmu Deborah ya dushe, ita kuma saura mata kwanaki. Da ma akwai guntun gawayi a hannuna, shi ya sa kawai na sabunta mata.