Maganin Ƙasa da Ganyen Wake

Likoro, ranar Asabar.

Zuwa ga Baban Hanifa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, Allah ya tsare ka a Fatakwal. Babanka lafiya lau, sai ƙafar nan tasa. Ƙaninka Ɗayyabu lafiya, matarka Luba lafiya. Hanifa ce ta kwanta, amma kada hankalinka ya tashi, ta warware, yanzu haka tana tsakar gida tana korar kaji. Na ƙi a faɗa maka a waya don na san halinka, sai ka kamo hanya. Ka yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne.

Ka tuna da ruwa ya ɗauke, 'yan jajayen ƙwarin nan masu saƙa kamar gizo-gizo suka cika bayan ganyen waken gonar bayan gida, ganye ya koma ruwan ɗorawa. Maganin da ka aiko, Ɗayyabu ya tona gindin kowace shuka ya zuba ya rufe, aka yi ruwa a kai. Wallahi ya yi aiki. Wake ya farfaɗo, sabon ganye ya fito shar, har maƙwabta na leƙowa suna tambaya.

To kyan ganyen ne ya ja Luba. Ta tsinko ta yi mana faten tsaki da shi. Ta ce ita ba ta ga an yi feshi ba, magani yana ƙasa, ganye yana sama. Ni ma haka na ɗauka. Mu manya ciki ya ɗan murɗa mana, Hanifa kuwa amai da zufa, miyau na zuba, jiki ya saki. Ɗayyabu ya ɗauke mu a mashin zuwa asibiti a Hunkuyi, aka yi mata allura aka sa mata ruwa. Likitan ya ce irin wannan magani saiwa ke shan sa ya hau har ganye, shi ya sa ƙwarin ke mutuwa, kuma wanki ba ya fitar da shi. Washegari ta farka tana neman ƙosai. Alhamdu lillahi.

Kada ka yi wa Luba faɗa, ta yi kukan da ya ishe ta.

Abin da ya rage, waken ya fara 'ya'ya, kuma Ɗayyabu ya ƙone takardar maganin. Ka koma wurin wanda ya sayar maka, ka tambaye shi sai yaushe za a ci waken, kuma ko harawar za ta ciyu ga awaki. Babanka ya ce tsoro ne kawai irin na mata, Juma'a zai fara yankar wa dabbobi harawar. Na ɗaure awakin, na hana yara shiga gonar, amma shi ba zan iya ɗaure shi ba.

Ƙannenka Hajo da Yahya suna gaishe ka, ka gaida Salman abokin zamanka. Don Allah amsarka ta iso kafin Juma'a, kuma babanka za ka kira, maganarka yake ji.

Mahaifiyarka,
Halimatusa'adiya