Yatsun Mardiyya da Ruwan Randa

Litinin, 2 ga Disamba

Duk wanda ya taɓa hannu ya ji shi da sanyi, sai ya ce ƙarancin jini ne, ko kuwa tsoro. Abin da kowa ke faɗa ke nan a kan Mardiyya, har malaman da ya kamata su fi haka sani.

Ɗalibata ce a ajin koyon jinya. A takarda babu mai kamo ta. A aikin hannu kuwa ta faɗi bara, allura ta suɓuce mata a gaban masu jarrabawa. Janairu za ta sake. In ta ƙara faɗuwa, makaranta za ta sallame ta, dokar ke nan.

Yau da sassafe muna gwajin neman jijiya a hannun roba, na kama hannunta don in daidaita mata. Kamar na ɗauko shi daga firji. Na juya tafin. Lalle ya rufe kan yatsun, amma daga inda ya tsaya sun yi fari fat kamar ɓararren rogo. Ta ce ba ta jin allurar ma sam. In rana ta ɗaga kuma sai su kama zogi kamar an shafa barkono. Tun tana ƙarama haka take duk lokacin sanyi. Ta sha zogale, ta ci hanta har ta gaji. An auna jinin, lafiya lau.

Alhamis, 5 ga Disamba

Na samo shi. Ƙananan jijiyoyin yatsu ne ke tsukewa da zarar sanyi ya taɓa su, jini ya kasa wucewa. Likitoci na kiransa da sunan wani Bafaranshe, Reno. Jinin yana nan, hanya ce ke rufewa. Na yi ta karatu a waya har abincin rana ya kama. Baban Adila ya ce a haka wata rana ni za a kwantar, a yi bincike a kaina.

Duk binciken daga ƙasashen ƙanƙara yake. Babu wanda ya zo Haɗejiya ya duba hannun kowa.

Litinin, 9 ga Disamba

Na kai ta wajen Dakta Safiyanu. Ya duba, ya ce bai ga wata cuta a ƙarƙashin abin ba, alhamdu lillahi. Ya ba ta maganin da ke buɗe jijiyoyi, irin na masu hawan jini, ya ce a gwada a hankali domin nata jinin dama ba mai hawa ba ne.

Takardun 'yan aji ɗaya na nan jibge ban taɓa ba. Adila na tari.

Asabar, 14 ga Disamba

Maganin bai karɓe ta ba. Ciwon kai, jiri, jiya saura kaɗan ta faɗi a layin shiga aji. Dakta ya ce a dakata.

Saura hanya guda da na gani a wani ƙaramin bincike. Mutum ya zauna a waje cikin sanyi, hannuwansa a cikin ruwan ɗumi, a yi ta maimaitawa, har jiki ya koyi daina rufe jijiyoyin in ya ji sanyi. Mutanen da aka gwada a kansu ba su da yawa, na sani. Amma abin ya yi mini kyau ƙwarai. A ce jijiya ma tana ɗaukar darasi.

Laraba, 18 ga Disamba

Mun fara, a bayan ɗakin gwaji kafin a shiga aji. Ni ke zuwa da filas daga gida. Iskar fadama na kaɗawa, tana zaune tana rawar ɗari, hannu a robar ruwan ɗumi. Shamsiyya ƙawarta ta wuce ta ce, Malama, in ta jiƙu ki faɗa mana mu zo da turmi. Har ita Mardiyyar ta yi dariya.

Na koya mata wulwula hannuwa daga kafaɗa, yana tura jini zuwa yatsu. Ta ce ita dai ba za ta yi wannan a gaban maza ba.

Lahadi, 22 ga Disamba

Na gaji. Bayana na ciwo.

Juma'a, 27 ga Disamba

Babu canji. Kullum tana isowa yatsun sun riga sun mutu, sai mu ɓata rabin lokacin muna farfaɗo da su. Na saya mata safar hannu, tana sawa. Na hana ta hawa acaɓa da safe, tana takowa. To me ya rage? Na tambaye ta har na ji muryata ta fara tashi. Ta sunkuyar da kai ta ce wataƙila dai aikin ba rabonta ba ne.

Ban so na ji wannan kalmar daga bakinta ba. Gobe zan je gidansu.

Asabar, 28 ga Disamba

Unguwar Gagulmari, lungu na can ciki. A hannun kakarta take, Yakaka, tsohuwa siririya mai kaifin baki. Ita ke yi wa matan unguwar wanka in sun rasu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce yau dai ta ga Malamar da ke dafa mata jika.

A tsakar gida akwai randa a gindin dalbejiya, ba murfin kirki, a nan randar ke kwana. Da ruwanta suke alwala. Na sa yatsa, na cire da sauri.

A hankali maganar ta fito. Tun da Mardiyya ta faɗi bara ta ƙara nafilfili, tana roƙon Allah ya ba ta sa'a, kuma kowace sallah sai ta sabunta alwala. Da ruwan randar nan. Ta asuba ita ce ta ƙarshe kafin ta taho mini. Wato yadda tsoron jarrabawar ke ƙaruwa, haka take ƙara kashe yatsun da za ta yi jarrabawar da su. Ni kuma ina can da filas ɗina.

Na ce, Iya, a riƙa ɗuma mata ruwan mana. Yakaka ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce ruwan zafi na mai jego ne. Ta ce marigayi mijinta masunci ne, a kogi yake alwala cikin tsananin ɗari, yana cewa a nan ladan yake, kuma bai taɓa yar da ƙugiya ba.

“Yarinya na neman abu wurin Allah, ke kuma ki ce ta rage farashi?”

Na yi mata bayanin jijiyoyi. Har zane na yi a ƙasa da tsinke. Ta ce zanen ya yi kyau, kamar reshen kuka.

Abin da ya fi damuna, Mardiyya ma ra'ayinta ke nan. Da ta rako ni ta ce, Malama, ina jin kunyar in roƙi Allah da ruwan ɗumi.

Laraba, 1 ga Janairu

Na tambayi Malam Abdulmannan na Islamiyyarsu Adila. Ya ce alwala da ruwan ɗumi ta inganta, babu ko shakka. Ladan da ake faɗa na wanda ya cika alwalarsa ne duk da wahala in ta zo masa, ba a ce mutum ya je ya nemo wahalar ba, balle mai lalura. Na ji daɗi, na aika Mardiyya da saƙon.

Amsar da ta dawo da ita: wai Abdulmannan ɗin da Yakaka ta sani yana yawo ba wando?

Asabar, 4 ga Janairu

Na yi tunanin in ɗauko ta ta zauna a gidana har a gama. Baban Adila ya ce in na raba tsohuwa da jikarta a kan buta, in shirya jin sunana a kasuwar kifi. Gaskiyarsa. Kuma ko na kawo ta, zuciyarta na wajen randar.

Ban san me ya sa na ɗora wa kaina wannan ba. Ɗalibai nawa gare ni.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na yi sammako don in ga hannun da idona bayan asuba, in sake gwada tsohuwar. Na tarar ba sa nan, an yi rasuwa a maƙwabta. 'Yar'azumi, ƙawar Yakaka tun suna amare. Na shiga in yi gaisuwa.

Mata sun cika tsakar gida. Yakaka na tsugune a bakin murhu, tukunya a kan wuta. Tana sirka ruwan wankan, ta tsoma gwiwar hannu, ta ƙara na sanyi, ta sake tsomawa, kamar za ta yi wa jariri. Wata ta ce a yi sauri maza na jira a waje. Ta ce su jira, 'Yar'azumi ba ta son sanyi.

Maganar ta zo mini har baki. Ta ɗago ta gan ni.

“Na ga bakinki na motsi, Malama. Na san abin da za ki ce. Kada ki ce.”

Ban ce ba. Ni da ba na iya barin magana.

Da Yakaka ta shiga ɗakin da gawar take, Mardiyya ce ke miƙa mata kaya ta bakin ƙofa. Can ta miƙa ƙwarya, Yakaka ta fito da hannu ta karɓa, sai ta haɗa da yatsun. Ba ta saki ba. Ina ganin hannun tsohuwar ta gefen labule yana mammatsa su. Daga ciki na ji ta ce, a hankali, “Ke 'yar nan. Na 'Yar'azumi ma sun fi naki ɗumi.”

Shi ke nan. Aka ci gaba da abin da ake yi. Na dawo gida na kwanta da rana, abin da ban saba ba.

Talata, 7 ga Janairu

Ta iso yau da yatsu masu rai. Ba ɗumi sosai ba, amma tana jin allura. Na tambaye ta me ya faru. Ta ce kawai dai ta tashi da asuba ta tarar da butarta a jikin murhu, kusa da tukunyar koko. Ta tambaya, tsohuwa ta ce mantuwa ta yi, tsufa ne, in ba ta so ta zubar. Yau kwana biyu ke nan tana mantuwar.

Ita Yakakar tana nan da randarta.

Na tambayi Mardiyya batun kunyar. Ta ce tana nan, amma ta ragu, tunda ba ita ta ɗora ba.

Litinin, 13 ga Janairu

Muna ci gaba da zaman roba. Wata rana lafiya, wata rana yatsa biyu su ƙi. Ranar Asabar ta wanke shinkafa, suka koma fari har azahar. Wannan abu ba warkewa yake ba, lallaɓa shi ake yi. Na faɗa mata haka. Da ban so in faɗa ba.

Litinin, 20 ga Janairu

Jarrabawa. An wayi gari da sanyin da ya fi na kullum, kuma ɗakin da aka sa su tagoginsa ba sa rufuwa. Ba ni cikin masu dubawa, ina baranda ina leƙe kamar uwar amarya.

Ta daɗe a layi. Da aka kira ta, ta sa safar roba, ta ɗauki allura, sai na ga ta tsaya. Na san tsayuwar nan. Ta ajiye allurar a tire da kanta. Ta yi wa babban mai jarrabawa magana, wani dattijo da aka turo daga Dutse. Ya ɗaga gira, ya gyaɗa kai. Ta cire safar, ta ja baya, ta shiga wulwula hannuwa a gaban kowa, maza da mata, hijabi na tashi. Wani ya tuntsire da dariya. Dattijon ya tambaya ko tashi sama za ta yi. Ta ce a'a Yallaɓai, jini take kira.

Ta wanke hannu, ta sa sabuwar safa. Sau ɗaya ta soka.

Na shiga ofis na rufe ƙofa. Ban yi komai ba, zama kawai.

Alhamis, 23 ga Janairu

Ta ci. Ba da maki mai yawa ba, an rage mata na ɓata lokaci.

Dakta Safiyanu ya ce in rubuta abin a aika wa mujalla, tunda ba a taɓa yi a nan ba. Na zauna zan fara, na rasa me zan ce ya yi aikin. Robar ce, ko butar, ko wulwulawar, ko nafilfilin. Mutum ɗaya, komai a cakuɗe. Da a ce ɗaliba ce ta kawo mini irin wannan, da jan biro zan bi shi. Na rufe kwamfutar. Abin mamaki, ban ji haushi ba.

Da la'asar na kai wa Yakaka goro. Ta karɓa, ta ce jikarta ta ci da addu'a, amma ni ma na yi ƙoƙari da robata. Da zan tafi ta ce, “Ke da kika karance sanyi a waya, kin taɓa alwala da ruwan da ya kwana a waje? Gwada sau ɗaya, ko don ki san abin da kike hana mutane.”

Na ce mata ni da filas na saba.

Bayan magariba na cika buta na bar ta a tsakar gida. Ban ce zan yi ba. Tana can dai.