Kun San Sunan Kyanwa, Ba Ku San na Kakana Ba

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Tarihin Ma'aikatan Jiragen Ruwan Yaƙi, Landan.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka, da kyanwar nan taku da ke rataye a bango cikin firam mai ruwan zinariya.

Ni direban bas ne a Old Kent Road, ina zaune a Dagenham. Na rubuto ne saboda mahaifiyata, Inna Hajara, wadda na kawo daga Zariya a duba mata ido. Likitoci sun ce ganin da ya rage mata kaɗan ne, aiki kuma ba zai dawo da shi ba. Na tambaye ta me take so ta gani a garin nan kafin ta koma. Ba ta ce fadar sarki ba. Ta ce sunan babanta.

Babanta, Malam Garba, a Ikko aka ɗauke shi zuba kwal a wani ƙaramin jirgin yaƙinku lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya dawo da kunne ɗaya a toshe da tabon wuta har gwiwar hannu. Tallanku kuwa a tashar tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, cewa yake ba wanda kuka manta cikin ma'aikatan jiragen nan. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Muka je, a ƙasan kuwa muka gani.

Na ɗaya. A bangon jirgin kakana kun jera kowa, daga kyaftin har mai dafa abinci, da suna da gari da hoto. Kyanwar jirgi ma tana da suna, da ranar da ta shiga aiki, da labarin faɗawarta ruwa da yadda aka tsamo ta. Har kofin shayi mai fuskarta kuna sayarwa a bakin ƙofa. Can kusa da daɓe sai layi guda: 'yan Afirka, sai adadi. Wallahi ƙirga kun iya. Kakana ya sha ba 'ya'yansa labarin yadda ake jera su kowace safiya a ƙirga su kamar awaki a bakin garke, ba a taɓa mantawa da shi ranar aiki ba. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Na biyu. Wata ma'aikaciyarku mai yawan murmushi ta ce ba za a iya bincike ba sai na kawo sunan da aka rubuta shi da shi a rajistar jirgi. Ranka ya daɗe, kai ka fi ni sanin cewa hafsoshinku ba su wahalar da bakinsu da sunayenmu ba. Abin da idonsu ya faɗa kai, kwalba ko tukunya, shi suke laƙaba wa mutum, ya riƙa amsawa da shi a layi. Kakana bai taɓa faɗin nasa ba. In 'ya'yansa suka matsa, sai ya ɗauki buta ya fita. Da shi aka binne shi. Wato sai na haƙo zagin da ya ɓoye duk rayuwarsa na kawo muku, sannan ku duba ko ya cancanci girmamawa. Na yi booking na ranar ganin mai kula da takardu, aka soke, na sake, aka ce ana nazari. Har yau nazarin ake.

Na uku, kuma shi ya fi ƙona min rai. Inna ba ta hango layin daga tsaye. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta durƙusa a gaban jama'a, ta lalubi adadin da yatsa, ta ce, "Baba, ashe nan suka ajiye ka." Sai ga mai gadinku da sauri, wai ba a taɓa bango.

Ga buƙatuna. Ku buɗe rajistar nan iyalai su gani da idonsu. Ku bar fili a bangon inda za mu sa sunayen da iyayensu suka raɗa musu. Hoton kakana da sunan jirginsa suna hannuna. In duk wannan ya fi ƙarfin ilminku, to ku ɗaga layin nan ya kai tsayin kyanwa, kada wata tsohuwa ta sake durƙusawa.

Inna za ta koma ƙarshen wata. Ko gobe kuka rubuta, da wuya ta iya karantawa, amma yatsanta na gani, in mai gadinku ya bari.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka basira, ya sa ranar da jikokinka suka zo nemanka su same ka da sunanka.

Wassalam.

Jikan Malam Garba,
Dagenham.