Ƙwan zabin da ka wanke mini

Manchok,
Ƙaramar Hukumar Kaura.

Zuwa ga jikana Yafet,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata ka koma Fatakwal lafiya, Allah ya ƙara maka ƙarfin aiki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ka sani. Babanka Azariya yana fama da gonar citta, akuyar mamarka Milka kuma ta haifi biyu.

To, maigida, gyara zama, domin ba daɗi ne ya sa na ɗauki biro ba. Ka tuna ƙwan zabi goma sha biyu da na sa wa baƙar kazata a ƙarƙashin rumbu? Zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, shi ya sa tun zamanin kakanka kaza muke ba wa. Na zuba toka a wurin saboda ƙuma, na yi wa kowane ƙwai layi da gawayi don kada ya haɗu da na ci. Ranar da za ka tafi ina can zumuntar mata, ashe kai kana nan kana gyara mini gida. Milka ta ce ta hana ka, ka ce mata ƙazanta ce ke kashe kaji, wai a waya ka gani. Ka kori kazar, ka kwashe ƙwan, ka wanke su tas da ruwan randa da sabulu mai ƙamshi, ka jera su kamar na sayarwa. Ƙwan da ya kwana goma a ƙarƙashin uwa, da rai a cikinsa, shi ka yi wa wankan sanyi. Kuma ka zo ka rungume ni a tasha, ko a fuskarka ban gani ba.

Na mayar mata da su, baiwar Allah ta kwanta har ta rame. Sha ɗaya suka ruɓe, warinsu ya kai gidan maƙwabcinmu Zamani. Yanzu damina ta ja baya, zabi sun daina ƙwai, ko a kasuwar Kafanchan babu. Ni kuwa na riga na tsaya a gaban mata na ce zabi goma zan kawo ranar bikin godiya. Martina ta zumuntarmu har tafi ta yi mini, yanzu kullum sai ta tambaye ni lafiyar zabina.

Guda ɗaya ya tsira. Ya gangara cikin toka ba ka gan shi ba, da dattinsa da komai ya ƙyanƙyashe. Na sa masa suna Yafet, domin shi ma ba ya jin kira. Ka nemi hutu ka zo ranar godiya. Kai za ka ɗauke shi da hannunka ka kai gaban ikilisiya, ni ina bayanka da sandata, in an tambayi sauran tara sai ka yi bayanin abin da ka gani a waya.

Ka gaishe mini da matarka Rosemary da ƙaramar 'yarku Ƙauna. Azariya da Milka suna gaishe ka. Baƙar kaza kuwa ba ta gaishe ka.

Ni ce kakarka,
Lai'atu