Takalmina Ya Sake Shiga

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iske ki ba. Amma na saba ke nake fara ba labari, kuma tsoho ba ya sake hali.

Ciwon da ya ɗauke ki ya zo mini bayan kaka. Ƙafafuna suka kumbura, in an danna da yatsa sai rami ya zauna. In na kwanta numfashi ya ƙi, sai dai in jingina da bango, kamar yadda kika yi a watanninki na ƙarshe. Na ce lokaci ne ya yi.

Autanki Garba ne bai yarda ba. Ya zo daga Kaduna, inda yake aikin masaƙa yanzu, ya sa ni mota daga nan Sheme zuwa asibiti. Kin tuna hanyar nan da ta hana mu kai ki asibiti da damina? An zuba mata kwalta. Likita ya saurari ƙirjina, ya ce zuciya ce ta gaji, ruwa ya taru a jiki. Ya ba ni wata 'yar farar ƙwaya mai sa fitsari, in sha kullum da safe.

Da kina nan da kin sha dariya. Daga na haɗiye ta har azahar, ina tsakanin tabarma da bayan gida, buta ba ta hutawa. Alwala kuwa sai dab da salla. Amma ruwan ya fita. Takalmina ya sake shiga, ran Juma'a na taka har masallaci ba wanda ya riƙe ni.

An hana ni gishiri da kanwa. Ɗiyarki Hassi ta zo daga 'Yargoje, tana cika miya da citta da tafarnuwa don kada in gane. Ina ganewa, nakan ci abina. Jiri yana ɗibana in na miƙe da sauri, sai na koyi tashi a hankali. Likita bai ɓoye mini ba, sauƙi kawai maganin yake kawowa, zuciyar tana nan da gajiyarta. Sauƙin ma ai arziki ne.

Da kwaltar ta riga zuwa, da ke ma kin samu wannan magani? Nakan yi wannan tunani, sai in bar wa Allah.

Saura abu ɗaya. Duk zamanmu kunya ba ta bar ni na kira sunanki ba. Yau da numfashi ya dawo mini, bari in yi amfani da shi.

Rabi. Allah ya haskaka kabarinki, Rabi, ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Ilu