Bangon Ɗakin Mama

Zuwa ga yayana abin ƙaunata, Gethin,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Carys da yara, ya kuma sa ciwon gwiwar nan ya sake ka. Mu nan alhamdu lillahi. Ruwa dai bai ɗauke ba tun farkon wata, ka san halin garinmu. Mama tana cin abinci, ƙafa ma tana takawa, sai dai ruɗewar tsufan nan da ke ta ƙaruwa. Jiya ta kira ni da sunan ƙanwarta har sau uku, ni kuma na amsa.

Yaya, na yi ɓarna, kuma ban san wa zan faɗa wa ba in ba kai ba. Ka san tun da aka daina ibada a tsohuwar majami'ar da ke manne da gidan Mama, maigidana Idwal ya ɗauki ginin nan ya ɗora wa kansa. Shekara shida yana shugabancin kwamitin da ya mai da ita zauren unguwa, shi ne hawa rufi, shi ne share magudana. Bana kwamitin ya ce shan shayin tsofaffi na ranar Talata ba zai riƙe gini ba, ko dai a samu lasisin sayar da giya da yin kiɗa don a riƙa ba da hayar wurin ga masu biki, ko kuwa a sayar wa wani mutumin birni da ke son ya yanka shi ɗaki-ɗaki don masu zuwa hutu. Kakanmu da ya sa hannu a littafin rantsuwar barin giya a cikin ginin nan, da yana raye ban san me zai ce ba. Amma ni ba giyar ce ta dame ni ba, bangon ne. Ka san kan gadon Mama da wurin da makaɗa ke tsayawa bango ɗaya ne ya raba su.

A watan Yuli sun karɓi izinin yini ɗaya suka gwada, aka yi bikin auren 'yar Prosser mai gasa burodi. Tun rana ba ta faɗi ba aka kunna kiɗa, har kofunan da ke kan kantar Mama suna rawa. Na shiga ɗakinta na tarar da ita a durƙushe kan gado, tana dukan bangon da tafin hannu tana kuka, tana cewa a buɗe mata, a buɗe mata. Wallahi Yaya da gudu na isa gare ta. Na rungume ta na fito da ita kicin, na rufe ƙofofi, ta yi ta fizge-fizge har ta gaji. Da na faɗa wa Idwal sai ya ce a mai da gadonta ɗakin baya. Na ce masa tsohuwar da ta shekara hamsin da biyu tana kwana a wuri ɗaya, yanzu da ba ta gane komai sai ɗakin nan za a ɗaga ta saboda 'yan rawa? Muka bar maganar a nan.

Sai ga shuɗiyar takardar sanarwar neman lasisin an manna a ƙofar zauren, wai mai ƙorafi ya rubuta wa ƙaramar hukuma cikin kwana ashirin da takwas. Titinmu ya ɗauki zafi. Olwen ta gidan kusurwa ta tare ni a gaban kanti tana kumfar baki, wai ita ba za ta wayi gari tana wanke fitsarin mashaya a dokin ƙofarta ba, wai shafi uku za ta rubuta, kuma gida ashirin duk sun yi alkawari. Har da zolaya, wai ni dai matar shugaba, dole in yi shiru in ci tuwona. Ashe ingiza mai kantu ruwa take yi. Na zauna na rubuta tawa a ɓoye, na bayyana abin da na gani a ɗakin Mama, na jefa a akwatin gidan waya, ina ganin za ta ɓace cikin guda ashirin ba wanda zai lura.

Ka san mutanenmu da gunaguni a bayan labule, a fuska kuwa sai murmushi da hirar ruwan sama. Ban da ni, ko mutum ɗaya bai rubuta ba! Olwen mai shafi uku, da na tambaye ta daga baya, wai ai ba ta so a ga sunanta, kuma Idwal mutumin kirki ne, shi ya gyara mata famfo. Abin da ban sani ba, in ba a samu ƙorafi ko ɗaya ba, bayar da lasisin ake yi ba tare da wani zama ba. In kuwa an samu ko da guda ne, sai kansiloli sun zauna, kuma ana aika wa mai neman lasisi kwafin takardar da sunan wanda ya rubuta da adireshinsa. Wata safiya na sauko na ga takardata a kan tebur, an danne ta da butar shayi. Idwal yana shafa wa burodi man shanu. Bai ɗago ba, sai kawai ya ce rubutuna har yanzu yana da kyau.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a haka. Da ma faɗa ya yi mini, da na ji sauƙi. Kullum da safe zai kawo mini shayi bakin gado kamar yadda ya saba shekara talatin, ya ajiye ya fita. Matar ofishin lasisi ta bugo waya ta ce ina iya janyewa, shi ke nan magana ta ƙare. Na ɗauki wayar na ajiye ya fi sau biyar. In na dubi Idwal sai in ce zan janye, in na shiga wajen Mama in tuna hannunta a jikin bangon nan sai in fasa. Gaba kura, baya siyaki.

Ranar Alhamis muka tafi zaman kansilolin cikin mota ɗaya. Aka zaunar da shi a tebur ɗaya, ni a wani, kansiloli uku a gaba, rabin titinmu kuma a baya sun zo kallo, har da Olwen da sabuwar hularta. Na karanta takardata. Shugabar zaman ta lura da sunan iyali da adireshi iri ɗaya, ta tambayi Idwal ko yana da abin cewa. Ya miƙe ya ce wannan matarsa ce, ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, kuma in ta ce tsohuwa ta tsorata, to ta tsorata. Ya zauna. Suka ba da izinin giya zuwa ƙarfe tara, suka hana kiɗa. Kowa ya san ba mai kama wurin biki ba kiɗa. Washegari Idwal ya mayar wa kwamiti makullin zauren, kuma ranar takwas ga watan gobe za su jefa ƙuri'a kan sayarwa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekaranjiya ina taje wa Mama kai, hankalinta ya ɗan dawo kamar yadda yake yi wani lokaci. Ta kanga kunne a bangon ta tambaye ni wa ya rasu, me ya sa majami'a ta yi tsit. Ta ce ranar nan ta ji an fara waƙa ba ita, ta yi ta ƙwanƙwasa musu su buɗe mata ta shiga, sai wata mata ta zo ta janye ta ta kulle ta a kicin. Yaya, shekara arba'in Mama ta yi a ƙungiyar mawaƙan majami'ar nan, ni kuma na manta. Matar nan da take faɗa ni ce.

Ban faɗa wa Idwal ba tukuna, na kasa haɗa ido da shi. An ce ana iya sake neman lasisin daga farko, amma sai kwamiti ya yarda ya jira, kuma ba mai tsayawa a kai in ba shi ba. Kai yake jin maganarka tun kuna 'yan ƙwallo. Don Allah ka bugo masa kafin ranar takwas. Ni zan faɗa masa nawa da bakina gobe da safe, in ya kawo shayi.

Ka gaishe mini da Carys da kyau, da Rhodri da amaryarsa, da 'yar autarka Nesta. Goggo Menna tana gaishe ku. Mama ma na ce mata ina rubuto maka, ta ce ka zo da wuri ranar Lahadi kada ka rasa waƙar farko.

Taka ƙanwa har kullum,
Eirlys